Digiri, Difloma ko Sana'a: Wacce Hanya Ce Taka Bayan Sakandare?

Wani dare bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida. Ya tsuguna ya gaishe ni, sannan ya yi shiru yana jujjuya wayarsa a hannu. Sau biyu ya zauna JAMB, sau biyun kuma gurbin da yake so bai samu ba. Mahaifinsa ya kafe sai jami'a, ko da za a shekara biyar ana nema. Baffansa kuwa, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ya ce ya zo gobe da safe ya fara zama. Da yaron ya buɗe baki, bai tambaye ni wanne ya fi kawo kuɗi ba. Cewa ya yi: "Kawu, in ban yi digiri ba, ba za a riƙa raina ni ba?"

Wannan tambaya ita ce ke cin zuciyar yawancin masu wannan ruɗani, ko da bakinsu bai furta ba. A gefe guda akwai ɗan bokon da ke kallon wanda bai shiga jami'a ba kamar bai gama zama mutum ba. A ɗaya gefen akwai wanda ke cewa digiri kwali ne kawai, ga masu shi nan suna zaman kashe wando a majalisa. Na zauna da kowane ɓangare, kuma abin da na gani shi ne sau da yawa ciwo ne ke magana. Mai digirin da ya rasa aiki yana riƙe da kwalinsa don shi kaɗai ya rage masa, wanda kuma aka hana gurbi yana kushe abin da ya so ya rasa. Wanda zai yanke shawarar shekaru goma masu zuwa na rayuwarsa bai kamata ya ɗauki ciwon wani ya yi ma'auni da shi ba.

Masu kushe boko kan kawo misalin manyan attajirai. Gaskiya ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, bai shiga jami'a ba, kuma ya tara abin da har yau ake labari. Amma tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya yi karatu a Jami'ar Azhar ta Alƙahira kafin ya tsunduma kasuwa. Masu ɗaukaka boko su ma su tuna cewa sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 bai nemi digiri ga mai son shugabancin Najeriya ba, matakin sakandare ko makamancinsa kawai ya ambata. Digiri mabuɗi ne na wasu ƙofofi sanannu. Akwai waɗanda ba sa buɗuwa sai da shi, akwai waɗanda ba ruwansu da shi. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne wace ƙofa kake son shiga.

Ma'aunan da za mu yi aiki da su

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba. Akwai haya, abinci, kuɗin mota, takardu, sannan akwai abin da za ka samu da a ce kana aiki a waɗannan shekarun. Wannan na ƙarshen shi ne iyaye suka fi mantawa da shi wajen lissafi. Na biyu lokaci, na takarda da na zahiri, don sun sha bamban. Na uku sauƙin shiga. Na huɗu ƙarko: shin abin da ka samu zai ci gaba da yi maka aiki bayan shekara ashirin, bayan ƙarfinka ya ragu, ko in ka bar garinku? Na biyar haɗari, wato abin da zai iya lalacewa, da yawan asarar in ya lalace. Akwai na shida wanda ba ya shiga tebur, shi ne abin da zuciyarka za ta iya ɗauka, kuma za mu taɓo shi a kowace hanya.

Hanya ta farko: digiri na cikakken lokaci

Jami'ar gwamnatin tarayya kamar ABU Zariya, BUK, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Maiduguri har yanzu ita ce mafi rangwame, duk da cewa tun 2023 yawancinsu sun ƙara kuɗin rajista ninki-ba-ninki, har ya kai dubu ɗari ko fiye a kwasa-kwasai da dama, na lafiya kuma suka zarce haka. Jami'o'in jihohi sun dogara da ko kai ɗan jihar ne. Masu zaman kansu kuwa maganar miliyoyi ake a shekara a wurare da yawa. Tun 2024 akwai lamunin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati: babu ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira dubu 20 a wata na ɗawainiya, kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa ake fara biya. Ya rage wa mutane da yawa nauyi, amma bashi ne, a riƙa tuna haka.

A takarda, yawancin kwasa-kwasai shekara huɗu ne. Injiniya da shari'a biyar, likitanci shida, sannan lauya sai ya je makarantar horon lauyoyi, likita sai ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti. A zahiri kuma sai ka ƙara da yajin aiki. A 2020 malaman jami'o'i sun yi kusan wata tara a gida, a 2022 kuma suka yi wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ka ƙara shekarar hidimar ƙasa, ka ƙara shekarun jiran gurbi. Yaron da ya gama sakandare yana da 18 zai iya kaiwa 26 kafin ya karɓi albashinsa na farko, in ya yi sa'a.

Shiga ita ce wahalar farko. Ana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, a yawancin kwasa-kwasai har da lissafi, sannan maki mai kyau a JAMB. A 2025 kusan mutum miliyan 2 suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ko wanda ya haura ba lallai ya samu kwas ɗin da ya nema ba. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada: yaro ya nemi likitanci, a ba shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, ya karɓa don kawai a ce yana jami'a. Shekara huɗu zai yi yana haddace abin da ba ya so, ya fito da sakamako mai rauni, ba ilimin, ba sha'awar.

Ta fuskar ƙarko, babu hanyar da ta kai digiri. Ba ya ƙonewa a gobara, ba a sace shi, kuma yana tsallaka iyaka. Ba za ka zama likita, lauya, mai haɗa magunguna ko malamin jami'a ba sai da shi. A aikin gwamnati mai digiri yana farawa daga matakin albashi na 8, kuma hanya a buɗe take gare shi har darakta ko babban sakatare. Digiri na biyu, tallafin karatu a ƙasar waje, manyan ƙungiyoyin agaji, duk shi suke fara tambaya. Ko shekarar hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973 zamanin Gowon, yanzu alawus ɗinta naira dubu 77 ne a wata, ya ɗara mafi ƙarancin albashi na dubu 70. Na san waɗanda suka tattala wannan alawus ya zame musu jarin farko. Sai dai wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa, takardar yafewa ake ba shi.

Haɗarinsa kowa ya san shi. Ni kaina bayan na gama, shekara uku na yi ina yawo da ambulan mai ruwan ƙasa, kwafin takarduna a ciki har gefensu ya yi laushi saboda gumin hannu. Wani ofis na je sau bakwai. A na bakwai ɗin wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya faɗa mini kuɗin da ake biya kafin suna ya fito. Ban da su, ko da ina da su ma ba zan bayar ba. Na sauko daga benen na tsaya a bakin titi, ko kuɗin adaidaita sahu ba su cika ba. Abin da ya fi yi mini ciwo a shekarun nan ba talaucin ba ne, kunyar fita ce. Na ɗauka cewa mai digiri bai kamata a gan shi yana ɗaukar kaya ko yana tsaron shago ba, kuma wannan tunanin ya cinye mini lokacin da ba zai dawo ba. Wanda zai shiga jami'a ya shiga da sanin cewa kwalin ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki a manne.

Akwai wani haɗari kuma na masu gaggawa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri cikin mako shida daga wata jami'a a Kwatano, kuma a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Mutane da yawa kuɗinsu ya tafi a banza. Kowace makaranta za ka shiga, ka tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da ita da kuma kwas ɗin, kuma gurbinka ya fito a shafin JAMB, ba a bakin wani dillali ba.

Hanya ta biyu: difloma a kwalejin kimiyya da fasaha

Tsarin a sarari yake: shekara biyu ƙaramar difloma, shekara ɗaya aikin gwaji a masana'anta ko ofis, sannan shekara biyu babbar difloma. Kuɗin yawanci bai kai na jami'a ba, makin shiga ma ya fi sauƙi. Wurare irin su Kaduna Polytechnic sun daɗe suna fitar da mutanen da hannunsu ya san aiki a fannin lantarki, gine-gine, safiyo da akanta. Abin da na fi so a wannan hanya shi ne tana da zango. In abin hannun gida ya ƙare bayan shekara biyu, ba ka tashi a tutar babu ba, kana da takardar da za ka nemi aiki da ita, ko ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu daga baya. Ɗalibin jami'ar da ya tsaya a aji uku kuwa takardar sakandare kaɗai ke hannunsa.

Mai babbar difloma yana zuwa hidimar ƙasa kamar mai digiri. Matsalar tana gaba. A aikin gwamnati an daɗe ana tsayar da shi a mataki na 14 sai in ya ƙaro karatu, alhali abokinsa mai digiri yana wucewa. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma ba a sa masa hannu ya zama doka ba. Ina ganin wannan zalunci ne, don na ga masu babbar difloma suna koya wa masu digiri aiki a wuri guda. Amma kai da za ka zaɓa, da halin da ake ciki za ka yi lissafi. In burinka kujerar darakta ce, ka shirya ƙarin karatu. In burinka kamfani ne ko buɗe naka wurin, bambancin bai cika tasiri ba.

A nan zan saka kwalejojin jinya, unguwarzoma da fasahar lafiya. Ga 'ya mace musamman, wannan hanya ce mai daraja. Asibitocin karkara a arewa suna kukan rashin ma'aikata mata, kuma mata da yawa sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu a ɗakin haihuwa. Lasisin aikin na bin mutum duk inda aure ya kai shi. Sai dai shiga makarantun jinya na gwamnati ba sauƙi, kuma akwai na bogi barkatai, don haka a bincika rajistar makaranta da hukumar da ke ba da lasisi kafin a biya ko kwabo.

Hanya ta uku: NCE

Shekara uku ce, ita ce mafi arha, kuma mafi sauƙin samun gurbi, kusan kowace jiha tana da kwalejin ilimi. Ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare, ana farawa da mataki na 7, ba a zuwa hidimar ƙasa da ita, amma ana shiga jami'a da ita kai tsaye a aji biyu. Albashin malamin firamare ƙanƙane ne, na makarantun kuɗi na unguwa ya fi shi muni. Roƙona ɗaya ne: wanda ba ya son koyarwa kada ya shiga don kawai ya rasa wurin zuwa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da dubu 21 suka faɗi. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi abin, ya nuna abin da ke faruwa idan aji ya zama mafakar wanda ya rasa. 'Ya'yan mutane ne ke biyan kuɗin wannan kuskure. Wanda kuwa yake jin daɗin ganin yaro ya gane abin da bai sani ba jiya, wannan hanyarsa ce, kuma babu abin kunya a cikinta.

Hanya ta huɗu: sana'a ko kasuwa, ba kwali

Ka je Farm Centre a Kano da hantsi ka tsaya bayan mai gyaran waya. Teburinsa bai fi kamu biyu ba, ga fitila, ga ƙaramin madubin ƙara girma, ga na'urar hura iska mai zafi. Ya buɗe wayar da aka ce ta mutu, ya ɗora mita a kan allonta, ya gano wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya ɗauke shi da hantsaki ya sa wani. Wayar ta kawo haske, mai ita ya yi hamdala ya biya ba ciniki. Duk wanda ya kalli wannan ya ce mutumin nan ba shi da ilimi, bai san ma'anar kalmar ba. Haka abin yake a Panteka ta Kaduna wurin masu ƙira da walda, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Dawanau wurin masu hatsi da ke gane ingancin riɗi da taɓawar hannu.

Kuɗin shiga kaɗan ne, wani lokaci ma babu, sai ɗan abin da za a kai wa ubangida na gaisuwa. Kuɗin yana zuwa ne a ƙarshe, ranar da za ka tsaya da ƙafarka: kayan aiki, hayar shago, jari. Lokaci kuwa ya danganta da sana'ar. Gyaran waya ko haɗa sola mai kwazo zai kama hannu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kanikanci da kafinta da ɗinki mai kyau sun fi haka. Tun kana koyo kake samun na sabulu, kuma wannan babban abu ne a gidan da ake jiran gudummawarka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu haɗa sola ba su cika zama ba.

Haɗarinta iri uku ne, kuma ba a cika faɗa wa yara su ba. Na farko, a kasuwanninmu ba a cika rubuta yarjejeniya ba. Yaron shago zai iya shekara goma yana buɗewa yana rufewa, yana jiran ranar da ubangida zai sallame shi da jari. Akwai iyayen gida na kirki da suka tsayar da yara da yawa, akwai kuma waɗanda aka rabu da su dutse a hannun riga. Ko ɗan'uwa ne, a zauna gaban manya a faɗi shekara nawa, da me za a yi in sun cika. Na biyu, dukiyar ɗan kasuwa tana wuri guda. Gobara, ambaliya irin wadda ta shiga Kwari a 2022, faɗuwar darajar naira ko bashin da aka ƙi biya, kowanne zai iya mayar da mutum farko a dare ɗaya. Mai sana'ar hannu kuma ranar da ya kwanta ciwo, ranar samu ya tsaya, kuma ba shi da fansho. Na uku, sana'a tana canzawa. Bakaniken da ya ƙware a tsofaffin motoci yanzu ana kawo masa motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. Mai haɗa sola da bai iya lissafin nauyin kayan gida da ƙarfin batir ba zai ƙona wa mutane kaya. Don haka ko ka zaɓi sana'a, kada ka yar da karatu da lissafin da ka samu a sakandare, su ne za su bambanta ka da na kusa da kai.

Sana'a ma tana da takarda. Akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya mai matakai uku, akwai jarrabawar fasaha da kasuwanci ta NABTEB, akwai kuma shaidar ƙwarewa da NBTE, hukumar ilimin fasaha, ke kula da ita. Ba a cika neman su a unguwa ba, amma ranar da kamfani zai ɗauki ma'aikata ko za a ba da kwangila, suna raba gardama.

Sai batun raini, wanda shi yaron ya tambaya. Ba zan ɓoye ba, akwai shi. Akwai gidan da za ka je neman aure a fara da tambayar me ka karanta. Akwai taron da za a juya harshe zuwa Turanci ka ji an bar ka a baya. Amma na lura cewa rainin nan yana da ƙarfi ne tsakanin shekara 20 zuwa 30. Bayan nan tambayar mutane takan koma: yana riƙe da gidansa? Yana cika alkawari? Ana samunsa in ta ɓaci? Abin da ya fi daɗewa shi ne wanda ke cikin zuciyar mutum. Na san wani ɗan kasuwa da ya haura hamsin, yana da gidaje da motoci, amma duk lokacin da aka miƙo masa fom sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. In ka san kai irin wannan ne, ka saka shi cikin lissafi, ba ƙaramin abu ba ne.

Hanya ta biyar: haɗa biyun

An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a wannan fage na ga waɗanda suka tauna. Buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi, ba sai ka zauna JAMB kafin ta ɗauke ka ba, kuma kana biya ne zango-zango gwargwadon kwasa-kwasan da ka ɗauka. Jami'o'i da kwalejoji da yawa kuma suna da karatun yamma ko na ƙarshen mako. Kana shago da rana, kana littafi da dare. Yana ɗaukar lokaci fiye da na cikakken lokaci, masu karatun wucin gadi ba sa zuwa hidimar ƙasa, kuma ba za ka yi likitanci ta nan ba. Babban haɗarinsa shi ne gajiya, da yawa sukan fara su watsar a shekara ta biyu. Akwai kuma juyin wannan: ɗalibin jami'a ya koyi sana'a a hutu. Waɗanda suka yi haka a watanni takwas na yajin aikin 2022 sun koma aji da abin da babu mai ƙwace musu.

| Hanya | Shekaru | Kuɗi | Shiga | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Digiri | 4 zuwa 6, da hidimar ƙasa | Mai yawa | Da wuya | Mafi ƙarfi | Yajin aiki, rashin aiki, kwas ɗin da ba a so |
| Difloma | 2, ko 5 har babba | Matsakaici | Da dama-dama | Mai kyau | Tsayawa a mataki na 14 |
| NCE | 3 | Kaɗan | Da sauƙi | Matsakaici | Ƙarancin albashi |
| Sana'a ko kasuwa | 1 zuwa 5, ko fiye | Kaɗan a farko, jari a ƙarshe | Da sauƙi | Ya dogara da lafiya da kasuwa | Rashin yarjejeniya, gobara, karyewar jari |
| Haɗawa | 5 ko fiye | Ana biya a hankali | Da sauƙi | Mai ƙarfi in an gama | Gajiya da watsarwa |

Wa ya dace da wacce

In abin da kake so aiki ne mai lasisi, likita, lauya, mai haɗa magunguna, ko kuwa bincike da koyarwa a jami'a, to digiri ne, babu wata hanya. In makinka bai kai ba, ka sake zama, ko ka bi ta IJMB, karatun share fagen jami'a da ABU ke gudanarwa, ka shiga aji biyu. Amma ka sa wa kanka iyaka, kuma kada shekarar jira ta wuce kana kwance a ɗaki.

In kana son aikin gwamnati har ƙololuwa, nan ma digiri, ko ka fara da difloma ko NCE da niyyar ƙarasawa.

In kanka yana ja a aikin hannu da lissafi, kuma gida ba za su iya ɗaukar shekara biyar a jere ba, ƙaramar difloma ta fi maka. Ka karɓi takardarka bayan shekara biyu, ka duba yadda hali yake.

In ke mace ce da ake maganar aurenki nan kusa, ki duba jinya, unguwarzoma ko NCE a garinku, kuma a yi maganar ci gaba da karatun a fili tsakanin waliyyai tun kafin a ɗaura, ba bayan an tare ba. In kuma kina da gurbin digiri a hannu da mai tsaya miki, kada ki sake shi don wani ya ce karatun mace ba ya da amfani.

In kai ne babba a gida, mahaifi ya rasu ko ƙarfinsa ya ƙare, ƙanne suna kallonka, ka kama sana'a yanzu ba tare da jin ka gaza ba. Ka zaɓi ubangida don halinsa kafin girman shagonsa.

In kana da shago ko sana'a tuni, abinci yana shiga, amma rashin kwalin yana sukar ka duk lokacin da aka yi maganar makaranta, ka yi rajista da NOUN ko karatun ƙarshen mako, ka zaɓi abin da zai amfani sana'ar taka, kamar akanta ko harkar kasuwanci.

Ɗan yayata a rukuni na ƙarshen nan ya faɗa, ko da yake shagon ba nasa ba ne tukuna. Da muka tattauna sai ya bayyana cewa injiniyan da yake nema burin mahaifinsa ne, shi ciniki yake so, raini kawai yake tsoro. Muka zauna da mahaifinsa da baffansa a zaure, aka yanka shekara huɗu, aka faɗi abin da za a sallame shi da shi, na rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Baffan ya yarda zai riƙa sakinsa duk ranar da yake da jarrabawa. Yanzu shi ke riƙe da littafin bashin shagon, kuma ya cike fom ɗin karatun akanta na zangon da ke tafe.